Kamyo 3 kafin la'asar: wa ya yanke wannan lissafi?

Ɗan Gamkalle: Assalamu alaikum jama'a. Wata damuwa ce ta kawo ni, masu sani su haska mini. Shekara 4 ke nan ina aiki a wata mangazar shinkafa da mai a unguwar masana'antu, nan Yamai. Ba zan kira sunan wurin ba, abincina yana can. Mu 16 ne masu albashin wata, an raba mu gida biyu, takwas-takwas, sai 'yan aikin yini da ake kwasowa a bakin ƙofa in kaya sun yi yawa. Tun zuwana kowane rukuni kamyo 2 yake saukewa a yini. Kamyo guda tan 40 ne, buhu 800 ke nan na kilo 50. Mako biyu da suka wuce muka zo da safe muka iske takarda manne a jikin ƙofa, wai daga yau kamyo 3, a gama kafin la'asar, rukunin da bai cika ba a cire wa kowa jika ɗaya a albashinsa. Ku buga lissafin da kanku: buhu 2,400 tsakanin mutum 8, kowa 300, tan 15 a wuyan mutum ɗaya. Kuma ba a bakin ƙofa ake direwa ba, sai ka taka katako ka hau can ƙololuwar tsibi, ƙarƙashin kwano, cikin wannan zafi. A kwana 10 sau 4 kaɗai muka cika. Shin mai gida yana da ikon ya tashi da dare ya ƙara mana aiki haka, ba shawara ba komai? In muka haɗa kai muka ce sai an zauna, doka tana bayanmu ko kora ce kawai?

Abu Mai Kura: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi. Amma abokina ka yi a hankali, a bakin Katako kaɗai mutum nawa ke zaune da igiya da gammo suna jiran a kira su?

Ɗan Adar: Ku gode Allah ku mutanen Yamai, ku da ke da albashin wata. Mu nan Tawa lokacin albasa buhun da mukan ɗora ma mota ya hi kilo 100, mutum biyu su ɗaga su aza maka, ka tahi kana rawa bisa katako. Galmi, Tsarnawa, Madawa, duk haka abin yake. Ba takarda, ba Kes (asusun inshorar ma'aikata), buhu guda kuɗinshi guda. Bara wani ƙanena ya zamo daga saman mota, ƙugu ya goce, mu munka yi mishi karo-karo har ya samu ya ga likita. Wanda anka yi ma lodin ya ba da jika biyu ya ce Allah shi sawwaƙe.

Ɗan Gamkalle: Allah ya ba shi lafiya. Amma yayana, don wani yana cikin rijiya ba zai sa na cikin rami ya yi shiru ba.

Hajiya Maman Rabi: Ɗana, bari in faɗa maka abin da ba ka gani daga inda kake tsaye. Ni ma ina da 'yar mangaza a Wadata, ba ta kai taku ba. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kayanmu ba sa biyowa ta Gaya kamar da. Daga Lome suke tasowa, su ratsa Burkina, su jira rakiyar soja, sannan su shigo ta Tera. Sai ka yi makonni ba ka ga mota ko ɗaya ba, albashi kuma yana tafiya, kuɗin haya yana tafiya. Rana ɗaya sai ayari ya iso gaba ɗaya, motoci 6 ko 7 a ƙofarka, kowane direba yana kumfar baki a sallame shi. In mota ta kwana biyu ba a sauke ba, mai ita kuɗi yake cajinka. To mai gidanku ba lalle mugunta ce ta sa shi ba. Wuta ce ta kama rigarsa shi ma.

Direban Lome: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Tafiyar da muke yi cikin mako guda yanzu sai ta ci wata. In na iso Yamai ba abin da nake so irin a sauke ni in ga iyalina. Amma wallahi ni da idona na ga yaro ya zube da buhu a kai a watan Afrilu, sai da aka kwara masa ruwa. Ba na son a ce don ni aka yi haka.

Ɗan Gamkalle: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban musa ba. To makonnin da babu mota fa, ai ba kwance muke ba. Mu ke juya tsibi, mu ke ɗinke buhunan da suka fashe, mu ke loda wa 'yan kasuwa ƙananan motoci. Da ya tara mu ya ce ayari ya iso, ku taimaka mini kwana 3, ga abin da zan ƙara muku, wa zai ƙi? Takarda ya manna, kamar mu jakuna ne.

Ɗalibar Shari'a: Sannunku. Ina karatun shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni, bari in kawo abin da ke rubuce, manya su gyara mini. Dokar ƙwadago da ake aiki da ita ita ce mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. Ta ba ma'aikata damar kafa sandika da shiga cikinta, ta kuma tanadi yarjejeniyar gamayya, wato wakilan ma'aikata da masu ɗaukar aiki su zauna su rattaba hannu kan albashi da sharuɗɗan aiki. Nijar ta amince da yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1961, da ta 98 a 1962. Ta farko kan 'yancin kafa ƙungiya take, ta biyun kan 'yancin yin ciniki da mai gida a ƙungiyance. Mako na aiki awa 40 ne, abin da ya haura nan awoyin ƙari ne, kuɗinsu daban. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024. Abin da ya fi shafar Ɗan Gamkalle kuwa, doka ta hana mai gida cin ma'aikaci tara. Wannan jika ɗayar da ake cirewa tara ce, ko da wane suna aka kira ta.

Abu Mai Kura: Ƙanwata, doka tana cikin littafi, mu kuma muna cikin mangaza. Ba su san juna ba.

Baba Tsohon Delege: Abu, ba ka yi ƙarya ba, amma ba ka gama magana ba. Na yi shekara 27 a kamfanin sufurin kaya, sau 4 abokan aiki suna zaɓena delege, wato wakilin ma'aikata a gaban mai gida, don haka ku bar ni in ɗan ja zancen.

Abin da yarinyar nan ta faɗa daidai ne, sai dai akwai guda biyu da ta tsallake. Na farko, wurin aikin da ke da ma'aikata fiye da 10 dole ne a yi zaɓen delege a cikinsa. Ku 16 ne, ina delegenku? Ba ku da shi, na sani, da kuna da shi da ba a nan ka kawo kuka ba. Delege kuwa ba a korarsa haka kawai, sai sufeton aiki ya yarda. An yi haka ne don a samu mutum ɗaya da zai iya buɗe baki a gaban mai gida ba tare da tukunyar gidansa ta kife ba. Na biyu, dokar ta yi magana a kan aikin da ake biya bisa ƙirga, buhu-buhu ko tan-tan. Ta ce a tsara shi yadda mutum mai matsakaicin ƙarfi, yana aiki yadda aka saba, zai samu aƙalla abin da mai albashin lokaci yake samu. Ku riƙe kalmar nan, matsakaicin ƙarfi. Ba ƙaton da ya fi kowa ake aunawa da shi ba, ba kuma ranar da aka yi aikin mutuwa ake mayarwa ma'auni ba.

Nan ne ake cutarku, kuma tsohuwar dabara ce. Wata rana ayari ya iso, kuka tausaya, kuka zage kuka sauke 3. Mai ƙirga ya rubuta. Mai gida ya duba littafi ya ce ashe suna iyawa. Shi ke nan abin da kuka yi don kara ya zama farilla. Gobe in kuka cika ukun kullum, wani zai ce a gwada 4.

Ni ban taɓa faɗa da ƙa'idar yawan aiki ba. Mai gida yana da haƙƙin ya san abin da yake biya. Faɗana kullum shi ne wa ya yanke adadin, da wa aka zauna, kuma littafin ƙirgar a hannun wa yake. Adadin da mutum ɗaya ya yanke, shi ke ƙirgawa, shi ke hukunci, wannan ba ƙa'ida ba ce, bulala ce.

Magazinye: Baba, tunda an taɓo littafi bari in yi magana, don aikina ke nan a wata mangazar siminti. Mu ne a tsakiya, sama ta danne mu ƙasa ta zage mu. Abin da littafi ba ya nunawa yana da yawa. Kamyon da ya ja baya har bakin ƙofa da wanda ya tsaya a titi don wata mota ta tare hanya, duka "kamyo 1" nake rubutawa, alhali na biyun tafiyarsa ta ninka. Tsibin da yake daidai ƙugu da wanda ya kusa taɓa kwano, duka buhu ne a takarda. Buhu ya fashe a tsaya a kwashe, direba ya tafi cin abinci da makullin, a jira mai kaya ya zo ya ga an yanke hatimi, duk wannan lokacin a kan lebura yake faɗawa. Na sha gaya wa mai gidana, sai ya ce in kawo masa lamba ba labari ba.

Na Bronx: Ina ta karantawa ina murmushi, don na ɗauka na gudo wa wannan ne da na bar Harobanda. A wata mangaza nake aiki a New Jersey, mu ba buhu muke ɗauka ba, kwalaye ne, amma akwai 'yar na'ura a hannunka da kake haska kowane kwali da ita. Ita ce magazinyenmu, ba ta gajiya, ba ta jin uzuri. Ni ba a Amazon nake ba, amma rigimarsu ce kowa ya sani a nan. A ƙarshen Maris 2022 ma'aikatan babbar mangazarsu ta Staten Island a New York suka kaɗa ƙuri'a, aka bayyana sakamako 1 ga Afrilu, 2,654 suka ce suna son ƙungiya, 2,131 suka ce a'a. Shi ne karo na farko da aka yi nasarar haka a kamfanin a Amurka, wani Chris Smalls da aka kora daga wurin ne ya ja gaba. Aka yi ta murna. Shekara 2 suka wuce ba a sa hannu kan yarjejeniya ko ɗaya ba, har a Yunin 2024 ƙungiyar ta shiga ƙarƙashin babbar ƙungiyar Teamsters. A Coventry ta Ingila ma an gwada a Yulin 2024, aka faɗi da ƙuri'a 28 kacal. Ina faɗa ne don kada Ɗan Gamkalle ya ɗauka da an yi zaɓe magana ta ƙare.

Ɗalibar Shari'a: Yaya Na Bronx, amma ai jihar Kaliforniya ta yi doka musamman kan adadin aikin da ake yanke wa ma'aikatan mangaza, ko?

Na Bronx: Ta yi, AB 701, ta fara aiki 1 ga Janairu 2022. Ba ta hana sa adadi ba. Cewa ta yi a rubuta wa ma'aikaci adadin da ake nema a wurinsa da abin da zai same shi in bai cika ba, kuma kada adadin ya hana shi cin abinci, hutu ko zagayawa. Adadin da ba a sanar da kai ba, ba a hukunta ka a kansa. A 2024 jihar ta ci Amazon tarar kusan dala miliyan 6 ta Amurka a kan mangaza biyu saboda rashin rubuta wa ma'aikata adadin. New York ma ta yi irin dokar, ta fara aiki a 2023. A Faransa kuma hukumar kare bayanan jama'a ta ci reshen kamfanin tarar yuro miliyan 32, aka sanar a Janairun 2024, don na'urar tana ƙirga har lokacin da hannun mutum ya tsaya, in ya wuce minti 10 ta rubuta.

Abu Mai Kura: Minti 10! To mu da alwala da sallar azahar fa, da na'urar ta kama da wuta.

Ɗan Adar: Ku dakata da zancen Amurka. Baba Delege, ina da tambaya. Duk wagga doka ta masu takarda ce. Mu 'yan dako da babu sunanmu ko'ina hwa? Mu sarkin lodi gare mu. Shi ka yin ciniki da mai kaya, shi amshi kuɗi, shi cire nashi, shi raba muna saura. In ka yi magana gobe ba ya kiranka.

Baba Tsohon Delege: Ɗana, tambayarka ta fi ta kowa nauyi, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba, sandikoki sun yi sakaci da ku. USTN, CDTN da sauransu, ƙarfinsu yana wajen malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da na gwamnati. Yarjejeniyar gamayya ta sana'o'i da aka yi tun 1972, aka sabunta a 2022, mai takardar aiki ta fi amfana. Amma ka lura, ranar da kuka ce ba mai ɗaga buhun albasa sai an ƙara dala biyar, kuka zauna ƙarƙashin bedi har mai kaya ya sauko, me kuka yi in ba cinikin gamayya ba? Kuna yi, rubutawa ce ba ku yi, shi ya sa kowace kaka sai an sake faɗan daga farko. Sarkin lodi kuma in ku kuka naɗa shi, ku ke sauke shi. In mai kaya ya naɗa shi, to ba sarkinku ba ne, yaronsa ne.

Kuma batun nauyi, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Buhunku ya kusa ninka haka.

Ɗan Adar: In munka ce a rage buhu, 'yan kasuwan Abidjan da Accra ba su yarda, su da buhu suke saye ba da kilo ba. Manomi ma kuka yake da wanga buhu mai hula.

Hajiya Maman Rabi: Baba, ina jin maganarka, amma ka san abin da zai faru. Ranar da yaran nan suka kai takarda, mai gida zai ce madalla, ya sallami masu albashi ɗaya bayan ɗaya, ya koma ɗaukar 'yan yini. Ko ya sayo injin ɗaga kaya guda, ya ajiye mutum 4. Ni dai a wurina ba delege ba sandika, in akwai magana yarana su same ni, wanda matarsa ta haihu na san da shi, da azumi kowa yana da buhunsa.

Ɗalibar Shari'a: Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma in kika tafi Umra ɗanki ya riƙe mangazar fa? Alherinki a zuciyarki yake, ba ya cikin takarda.

Hajiya Maman Rabi: Ke 'yar nan, bakinki da kaifi. Allah ya sa ki zama alƙali.

Magazinye: Zancen inji kuma Hajiya, yana son daɓen siminti mai kyau da katakon ɗora kaya, kuma kayan su zo a jere a kai tun daga tashar jirgin ruwa. Namu a zube suke zuwa, buhu kan buhu. Ko an sayo shi, sai hannu ya fito da su daga cikin mota.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, wani ya turo hoton ƙofar wata mangaza da sunanta a jiki, na goge. Mai maganar ya ce ba ya son a kira suna, a kiyaye.

Ɗan Gamkalle: Na gode. Baba, to a aikace me za mu yi? Don wasu cikinmu sun ce gobe mu ƙi taɓa buhu kawai.

Baba Tsohon Delege: Kul! Yajin aiki yana da hanyarsa, sai an bi ta sulhu an ba da sanarwa. In kuka ajiye aiki haka kawai kun miƙa masa wuƙar da zai yanka ku, ya ce kun gudu daga aiki. Ku fara da littafi. Ku sayi kaye na dala arba'in, kullum ku rubuta lokacin da mota ta tsaya, lokacin da aka buɗe ta, inda ta tsaya, buhu nawa, mutum nawa, ƙarfe nawa aka gama, wa ya ji ciwo. Ku ɗauki hoton takardar da ke ƙofa kafin a cire ta. Ku adana takardar albashin da aka cire jikar a ciki. Sannan ku rubuta wasiƙa cikin ladabi, ku nemi abu biyu, a zauna kan adadin, a kuma shirya zaɓen delege. Kowa ya sa hannu, kada a ga sunan mutum ɗaya a sama kamar shi ne shugaba. Kwafi ɗaya ku kai ofishin sufeton aiki a buga muku hatimin karɓa.

In an zauna kada ku ce ba ma yin 3. Ku ce 2 ne aikin yini, na ukun ga kuɗinsa, ga ƙarin mutum nawa, kuma a fara da asuba a tsaya in rana ta take. Ku sa 'yan aikin yini cikin maganar, kuɗin buhunsu ya shiga takardar. In kuka bar su a waje, da su za a karya ku. Ku tambaya kuma ko ana zuba muku kuɗin CNSS, wato Kes, don ranar da ƙugu ya goce nan ne za a duba.

Abu Mai Kura: Sufeton aikin da ko man babur ba shi da shi?

Baba Tsohon Delege: Ku ku je ku same shi, ai ofishin ba ya gudu. Hatimin nan kaɗai yana sa mai gida ya sake tunani kafin ya kori mutum.

Ɗan Gamkalle: Jama'a na dawo, kwana 6 ke nan. Mun sayi kayen. Wasiƙar mutum 11 suka sa hannu, 5 suka ƙi, ɗaya ya ce matarsa wata tara gare ta, ban ga laifinsa ba. Cikin 'yan yini 3 sun dangwala yatsa. Mun kai kwafi an buga hatimi. Mai gida ya karanta a tsaye, bai ce uffan ba, sai jiya magazinyenmu ya ce an ce mu fitar da mutum 3 su zo ofis ranar Alhamis bayan azahar. Takardar tana nan a ƙofa, amma wannan makon ba a ce an cire wa kowa komai ba. Baba, in ya ce mu ba shi kayen ya duba, mu ba shi?

Baba Tsohon Delege: Ku yi fotokofi ku ba shi, kayen ya kwana a gida. Kuma cikin ukun ku sa dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ko da ba shi zai yi magana ba.

Ɗan Adar: Ɗan Gamkalle, turo mini yadda kunka rubuta wasiƙar, ka goge sunaye. Akwai wani malamin lakkwal unguwarmu da za shi karanta muna.